Takun Farko na Koci Broadnax

Ranar da aka sallami shugaban masu horar da 'yan tsaro na ƙungiyar ƙwallon Amurka, irin wadda ake gudu da ita a hannu, ta Jami'ar Sabine Hill, babu wanda ya yi mamaki a garin. Wasa goma sha ɗaya suka buga a kakar, kuma in aka raba, kowane wasa sai da aka zuba musu maki talatin da takwas. Masu kai hari suna bakin ƙoƙarinsu, su ci ashirin da bakwai, wani lokaci talatin, amma da ƙwallo ta koma hannun abokan karawa sai ka ga an ratsa tsaron kamar gidan da aka bar ƙofarsa a buɗe.

Lucius Broadnax shekararsa hamsin da tara, sha tara daga ciki a wannan filin ya yi su. Shi ke horar da 'yan layi na biyu, wato mutum ukun nan da ke tsayawa a bayan ƙartin gaba, waɗanda aikinsu shi ne su gane ko gudu za a yi da ƙwallon ko jefa ta za a yi, su tare. Shugabanni huɗu ya gani sun zo sun tafi, shi yana nan. Saboda haka da ya shiga shagon aski ranar Asabar, tun bai zauna ba Otha mai aski ya ɗaga almakashi sama.

"Ga sabon shugaba nan! Ku matsa masa mana."

"Kai dai yi askinka, Otha. Ba a ce komai ba tukuna."

"Me ya rage a ce? In ba kai ba wa? Sai dai fa ka sani, ranar da aka sake zuba mana arba'in, rabin kanka zan aske in kashe inji."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma a zuciyarsa ya riga ya fara tsara yadda zai gyara babban ofishin nan mai taga biyu.

Ranar Talata babban koci, Garland Tisdale, ya kira shi, ya rufe ƙofa, ya daɗe yana juya kofin kofi kafin ya ce sun ɗauki Cedric Fontenot.

Lucius ya san sunan fiye da kowa. Shi ya je har cikin gonakin rake ya ɗauko Cedric yana ɗan shekara sha bakwai, ya horar da shi shekara huɗu, a shekarar ƙarshe kuma ya ajiye shi a benci saboda an samu wanda ya fi shi sauri. Cedric ya gama makaranta ya tafi ko sallama babu. Yanzu shekararsa talatin da biyar, kuma shekara uku ke nan shi ke riƙe da tsaron Red Oak, manyan abokan gabarsu, waɗanda suka lallasa su arba'in da biyar da goma a watan Oktoba.

"Za ka zauna?" in ji Tisdale.

"Na ce zan tafi ne?" Lucius ya tashi ya fita.

Cedric ya iso farkon Janairu. Ya yi ƙiba kaɗan, gashin goshinsa ya fara ja da baya, amma tafiyarsa tana nan yadda take. Ya gaisa da kowa, da ya zo kan Lucius ya riƙe hannunsa ya ce, "Barka da asuba, Koci," da muryar da ba ka gane komai a cikinta. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce mutanen gari suna jiran ya yi abin al'ajabi, shi kuwa bai zo da komai a aljihu ba. Abu ɗaya yake so: kowane mai horarwa ya zauna ya kalli faifan wasannin bara gaba ɗaya, karo bayan karo, wato daga ɗaga ƙwallo zuwa tsayar da ita, ya ba kowane ɗan wasansa maki, ya rubuta inda aka yi daidai da inda aka yi kuskure. Kwana goma.

Karo ɗari bakwai da tamanin da shida ne. Lucius yakan zo da ƙarfe bakwai na safe, ya ja labule, ya kunna, ya mai da baya, ya sake kunnawa. Kwana biyun farko ya yi ta ganin abin da ya saba gani, wato yaransa suna yin abin da ya koya musu. Abin da ya koya musu kuwa shi ne abin da ya yi suna da shi: da zarar ka ga an nufi mai gudu da ƙwallo, ka taka gaba da ƙarfi, ka kashe gudun tun bai tashi ba. Da wannan takun suka ci kofin yankin shekara goma sha biyu da suka wuce, hoton yana nan a bango.

A rana ta uku ya ware karon da aka ci su yadi ashirin ko fiye, ya jera su a jere. Sittin da ɗaya. Ya kalle su ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, kafin ya kai na goma sha biyar gumi ya karyo masa duk da sanyin ɗakin. Abu ɗaya ake ta yi musu. Mai jifa zai ɗora ƙwallon a jikin mai gudu kamar zai ba shi, amma idonsa yana kan 'yan layi na biyu. Da sun taka gaba sai ya zare ƙwallon ya cilla ta daidai wurin da suka bari. Ya ƙirga sau biyu don kada ya zalunci kansa. Talatin da bakwai cikin sittin da ɗaya, ta wannan ramin suka shiga. Duk kakar ana zagin 'yan can baya cewa ba su iya tare jifa ba, ashe tun kafin ƙwallo ta bar hannu an gama da su.

Boone Ledet, mai horar da 'yan can bayan, ya leƙo da gurasa a hannu ya tarar da shi zaune gaban faifan.

"Tsoho, wai da gaske kake kallon duka? Ni fa na ba yarana saba'in-saba'in na rufe. Wanda aka kora ai ya tafi da laifin. Yaron nan neman wanda zai sallama yake yi don ya kawo mutanensa, kada ka miƙa masa wuƙa."

"Na ji," in ji Lucius.

Da yamma Ernestine, matarsa, ta zuba masa shinkafa da jan wake, ta ga yana ta tura cokali ba ya ci. Ya gaya mata komai. Ita tun ranar da aka ɗauki Cedric take cike, don haka ta ajiye ludayi.

"To shi ke nan, ka ajiye musu aikinsu. Shekara sha tara, su ɗauko yaron da ni na riƙa dafa masa abinci a wannan teburin su ɗora maka a kai? Ka bar aikin da mutuncinka, Lucius. Babu wanda zai san wani talatin da bakwai."

"Ni na sani."

"Sai me?"

"Tine, akwai yara tara a ɗakina da suke taka ƙafar nan ko cikin barci, don ni na sa su. In na tafi, wani zai zo ya ce musu ba su da kai. Alhali biyayya suka yi."

Ta ja tsaki ta tura masa kwalbar barkono. "To ci abinci. Mutum ba ya zuwa ya tona wa kansa asiri da yunwa."

Ranar taron, kowa ya karanta nasa. Mai horar da ƙartin gaba ya ce saba'in da biyar. Boone ya ce saba'in da biyu, ya ƙara da cewa tsarin tsohon shugaba ne ya ɗaure yaransa. Cedric yana rubutu bai ɗaga kai ba. Da aka zo kan Lucius ya miƙe tsaye, abin da ba a saba yi ba, ya sa tabarau.

"Yarana sun samu tamanin da huɗu, domin sau tamanin da huɗu cikin ɗari sun yi abin da na ce su yi. Amma abin da na ce su yi shi ya kashe mu." Ya kunna faifan da ya haɗa, karo talatin da bakwai, ya bar shi ya tafi har ƙarshe. Boone ya sunkuyar da kai. Da faifan ya ƙare Lucius ya ce, "Wannan ba na wanda aka kora ba ne. Nawa ne."

Cedric ya sallami kowa, ya ce Koci Broadnax ya tsaya.

"Na san da wannan," in ji shi bayan an rufe ƙofa. "Ni na nuna wa masu kai harin Red Oak shekara biyu da suka wuce. Daga wurinmu sauran suka kwafa."

Lucius ya ji kamar an mare shi. "Me ya hana ka faɗa ranar da ka zo?"

"Da na faɗa, da kun ce yaro ya zo rama gayya, ku tattara kayanku. Kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai wanda zai maye gurbinku, na ce ya jira wayata zuwa Juma'a. Da kun kawo min saba'in irin na Boone, da na kira shi."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ba zan kira ba. Babu wanda ya fi ku iya koya wa yaro ya kayar da mutum, na sani a jikina. Amma akwai magana ɗaya. Da kuka ajiye ni a benci, kun yi daidai, na kalli faifan daga baya na gani. Abin da ban manta ba shi ne a takardar da aka manna jikin ƙofa na ga sunana cikin 'yan benci. Shekara huɗu ina ƙarƙashinku, ba ku kira ni kun gaya min ba."

"Haka aka yi," in ji Lucius. "Ban kyauta ba."

"To waɗannan yaran, kada su ji a bakina."

Washegari ya tara su tara a ɗakinsa. A gaba Quentin Malveaux yake zaune, kyaftin ɗinsu, mai shirin shiga shekarar ƙarshe, wanda ya fi kowa kayar da mutane a yankin bara kuma yake alfahari da hakan. Lucius ya nuna musu faifan, ya ce laifinsa ne, kuma daga yau takun farko ya canja zuwa yadda Cedric ya tsara. Ba za a sake rugawa gaba ba. Za a ɗan dakata a wuri ɗaya, ƙafafu suna motsi, sai an tabbata ƙwallo ta shiga hannun mai gudu.

"Koci," in ji Quentin, "shekara uku kuna min ihu in na yi jinkiri. Sau nawa na hau matakalar filin nan saboda jinkiri?"

"Da yawa."

"Yanzu kuma jinkirin ne daidai?"

"Yanzu shi ne daidai. In kana so, ni ma zan hau matakalar, ka ƙirga min."

Wani ya tuntsire da dariya, Quentin bai yi ba.

Atisayen bazara ya zo da wahala. Abin da jiki ya saba shekara uku ba ya fita da magana. Lucius ya samo tiyon ban-ruwa daga wurin mai kula da ciyawa ya shimfiɗa a gaban ƙafafunsu, duk wanda ya tsallake kafin lokaci a sake daga farko. Wata rana sun sake sau ashirin da shida. Shi kansa yakan zauna gaban Cedric da littafi kamar ɗalibi, yana tambayar abubuwan da da can zai ji kunyar tambaya.

A wasan gwajin da ake yi ƙarshen bazara, inda ƙungiya ke kara wa da kanta a gaban jama'a, abin ya ɓaci. 'Yan layi na biyu suka tsaya suna jira, masu gudu suka yi ta wuce su, yadi bakwai, yadi tara. Mutane dubu huɗu a kan benci suka fara ihu. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Wannan ne sabon shugaban? Ku dawo mana da tsohon!" Quentin ya fito ya buga hular kwanonsa da ƙasa.

"Kun mai da ni gunki, Koci! Ina ganin mutum yana zuwa, ƙafata tana so, kaina yana cewa tsaya!"

Ranar Litinin Lucius ya riga Cedric zuwa ofis.

"Tsarinka ya toshe rami ɗaya ya buɗe wani," ya ce.

"Za su saba."

"Ba za su saba ba. Yaro ba ya wasa da shakka a ƙafarsa. Dole a ba su abin da za su gani tun kafin a fara, su san ko su taka ko su dakata."

Suka yi ta musu har kofi ya huce. A ƙarshe Lucius ya ce a kunna faifai, a tsayar kafin a ɗaga ƙwallo, ya nuna hannun ƙaton masu kai hari da ke kusa da na tsakiya. Wannan abu tun yana ɗan wasa ya san shi, amma bai taɓa koyar da shi ba, domin takunsa na da bai bukaci hakan ba. In ƙato zai tura gaba don a yi gudu na gaske, nauyinsa yana kan hannun da ya dafa ƙasa, duwawunsa a sama. In kuwa ya san akwai yiwuwar jifa, ba zai yi nisa ba, sai ka ga hannun ya taɓa ciyawa sama-sama. Suka gwada karo hamsin, Lucius yana faɗa kafin a saki faifan. Ya dace arba'in da ɗaya.

Cedric ya jingina da kujera. "Shekara huɗu ina ɗakinku, ba ku taɓa nuna min wannan ba."

"Ba ka taɓa zama shugabana ba sai yanzu."

A karon farko Cedric ya yi dariya.

Watan Agusta suka yi shi cikin zafin da ke sa kwalta laushi. Lucius ya rage kilo biyar. Kullum sai ya jera ƙarti biyar sun durƙusa, yaransa suna kiran "nauyi" ko "sama-sama" tun kafin a motsa. Quentin ya ɗauki mako biyu yana yi da ɓacin rai, sannan wata safiya ya kira goma sha biyu a jere daidai, ya juyo ya ce, "Koci, wannan ai sata ce." Daga ranar shi ke gyara wa ƙanana.

Wasan farko aka ci su, talatin da ɗaya da ashirin da huɗu. Na biyu suka ci. Na uku Red Oak ne, a gida. Saura minti biyu a tashi Sabine Hill na gaba, ashirin da sha bakwai, Red Oak na da ƙwallo yadi talatin daga layin ci, karo na huɗu kuma na ƙarshe, suna bukatar yadi uku ko ƙwallo ta bar hannunsu. Kocinsu bai yarda da bugun maki uku na neman kunnen doki ba, nasara yake so. Cedric yana can sama a ɗakin kallo, muryarsa a kunnen Lucius.

"Me kuke gani, Koci?"

Lucius ya durƙusa a bakin layi, gwiwarsa tana ƙara. Hannun ƙaton hagu ko ciyawa bai lanƙwasa ba. Kafin ya buɗe baki ya ji Quentin yana kururuwa, "Sama-sama! Sama-sama!"

Aka ɗaga ƙwallo. Mai jifa ya ɗora ta a jikin mai gudu, ya dubi Quentin. Ƙafar Quentin ta dama ta ɗaga, Lucius ya gani da idonsa, ta kuma sauka a inda take. Mai jifa ya zare ya cilla kamar yadda ya saba, ƙwallo ta daki Quentin a ƙirji ta faɗi ƙasa. Ko kama ta bai yi ba. Amma ƙwallo ta dawo hannun Sabine Hill, suka cinye sauran lokacin, wasa ya ƙare.

Quentin ya zo da gudu ya rungume shi har ya ɗaga shi sama.

"Sauke ni, ɗan banza, bayana! Kuma me ya hana ka kamawa?"

"Ba ku koya min kamawa ba, Koci!"

"Litinin."

Ba a ci kofi a shekarar ba. Sun ci wasa shida, an ci su biyar, makin da ake zuba musu ya sauko daga talatin da takwas zuwa ashirin da biyar. Daga na ƙarshe a yankin suka dawo na shida. Masu kiran rediyo suka ce ai ba wannan aka yi musu alkawari ba, wasu suka ce Fontenot ya yi yaro, wasu suka ce tsofaffin da ke ƙarƙashinsa ne suke ja masa ƙafa. Boone Ledet ya samu aiki a wata makaranta ya tafi.

Mako na biyu na Disamba, Cedric ya tsaya da motarsa ƙofar gidan Lucius da hantsi ya danna ƙaho. Akwai wani ɗan sakandare a wani ƙauye kusa da iyakar Arkansas, tafiyar awa uku, wanda Cedric ya ce ya yi gajarta, Lucius kuwa ya ce ya kalli faifansa sau huɗu kuma yaron yana ganin abu kafin ya faru. Quentin zai gama a watan Mayu, dole a samu mai tsayawa a wurinsa.

Lucius ya shigo da jakarsa ya ja ƙofa.

"Har yanzu ina nan a kan bakana, gajere ne," in ji Cedric.

"Ja mu tafi. Kafin mu wuce gada zan canja maka ra'ayi."

"In kuma ban canja ba?"

"Akwai sauran awa biyu da rabi."

Cedric ya girgiza kai, ya tayar da mota.